Kasuwar Masar ta Santambul: ciki na kallo, waje na cefane

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Santambul sarin tufafi a Laleli ko Aksaray suke sauka. Daga otal sai shago, daga shago sai ofishin kago, har ranar komawa ta zo, alhali tasha shida ce kawai tsakanin Laleli da wata kasuwar abinci da take ci tun shekarun 1660. Taram mai lamba T1 na hau, wanda ya nufi Kabatash. Yana tsayawa a Beyazit da Cemberlitash da Sultanahmet da Gulhane da Sirkeji, ta shida ita ce Eminonu, nan ake sauka. Ba a biyan kuɗin mota a hannu. A bakin kowace tasha akwai na'urar da ke sayar da katin Istanbulkart, ka zuba masa kuɗi, da shi za ka shiga taram da bas da jirgin ruwa. Layin yakan cika maƙil tsakanin Beyazit da Sirkeji, saboda haka waya da fasfo su koma aljihun gaba, jaka kuma a rungume ta a ƙirji. Mai ƙarfin ƙafa yana iya gangarowa daga Babbar Kasuwa ta Beyazit ta titin Mahmutpasha, tafiyar kamar minti 15 ce, gangara zalla. Dawowa da kaya a hannu ita ce aiki.

Da hantsi ya kamata a iso, tsakanin ƙarfe 9 zuwa 11. Da rana ta take, motocin 'yan yawon buɗe ido sun sauke mutanensu, sai tafiya ta koma turereniya, mai shago kuma ba shi da lokacin yi maka bayani. Ranar Lahadi Babbar Kasuwa a rufe take, wannan kuwa tana buɗewa, don haka duk wanda ya rasa can nan yake kwararowa.

Da na fito daga hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke tsallaka titi, abin da ya tare ni shi ne Yeni Jami, katafaren masallaci mai hasumiya biyu, tattabaru sun rufe farfajiyarsa. Tarihin kasuwar a jikin masallacin nan yake. Safiye Sultan, mahaifiyar Sarki Mehmed na Uku, ita ta sa aka fara gininsa a 1597. Ɗanta ya rasu a 1603, aikin ya tsaya, ginin ya zauna kango sama da shekara hamsin. Bayan babbar gobarar 1660 da ta cinye unguwar, wata uwar sarkin, Turhan Hatije Sultan, mahaifiyar Mehmed na Huɗu, ta ɗauki aikin ta kammala, ta kuma sa aka gina kasuwa a gefensa a matsayin waƙafi, kuɗin hayar shagunan su riƙa ɗaukar ɗawainiyar masallacin. Turkawa suna ce mata Misir Carshisi, wato Kasuwar Masar. A lokacin Masar tana hannun Daular Usmaniyya tun 1517, kuma ta can kayan ƙamshin Indiya da gahawar Yaman suke biyowa, su shigo jirgin ruwa, a sauke su a wannan gaɓar.

Ginin dogon zaure ne mai rufin baka wanda ya karya kwana sau ɗaya, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ƙofofi shida, shaguna wajen 85, kowace ƙofa da na'urar bincike da masu tsaro. A daidai inda hannayen biyu suka haɗu, in ka ɗaga kai za ka ga wani ɗan baranda na katako manne da bango. Daga nan ake yi wa 'yan kasuwa addu'ar buɗe ciniki da safe a zamanin da. Mutane dubbai suna wucewa ƙarƙashinsa idonsu na kan tulin alewa. A saman babbar ƙofa kuma akwai gidan abincin Pandeli, mai bango lulluɓe da tayil shuɗi, ana hawa ta wani siririn matakala.

Ƙamshin wurin gaskiya ne, ba a yi ƙari ba: kirfa, kanumfari, na'ana'a busasshiya, kurkum, citta, habbatussauda, ga furen soɓorodo a buhu. Masu shago suna tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu suna "Buyurun, buyurun!" In suka ga hula da doguwar riga sai su juya harshe: "Hajji, tafaddal!" Amma na tsaya na duba hannun masu sayayya. Ban ga mai kwandon cefane ba. Shaguna da yawa ma sun bar kayan miya sun koma sayar da sabulu da fitilun ado da tangaran da sarƙoƙi. Hayar shago a cikin ginin nan mai nauyi ce, kuma a kan kowane giram da aka auna maka ake fanshe ta. Ra'ayina shi ne a shiga, a kalli ginin, a ɗanɗana abin da aka miƙo, a riƙe farashi a kai, sannan a fita ta ƙofar Hasirjilar a yi cefane inda 'yan gari ke yi.

Ga wanda zai saya a ciki, tambaya ɗaya ce ke tsare aljihu: "Kilosu ne kadar?", wato kilo nawa ne. Wasu allunan farashin na giram 100 ne, an rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasa, baƙo ya ɗauka na kilo ne, sai an je biya ya ga kuɗi sun ninka goma. Faɗi nauyin da kake so kafin a ɗebo, "yuz gram" giram 100, "yarim kilo" rabin kilo, ka kuma tsaya inda kake ganin lambobin sikeli. Ludayin mai shago kullum wuce gona da iri yake yi, in ka ce giram 200 ya zuba 350 ya dube ka yana murmushi. Ka ce a rage, ba abin kunya ba ne. Kwali mai kauri kuma a ajiye shi gefe, a auna kaya tukuna. In da katin banki za ka biya, na'ura ta tambaye ka lira ko dala, zaɓi lira, domin canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na bankinka tsada. Farashi a Turkiyya ba ya zama wuri ɗaya saboda hauhawa, wanda aka gaya maka bara ba zai yi maka amfani bana ba. Abin da ke aiki shi ne ka tambayi shago uku kafin ka zaro kuɗi.

Abu uku ne aka fi cutar baƙo da su a nan. Na farko za'afaran. Na gaskiya zaren cikin fure ne, kowane fure zare uku kacal yake bayarwa, sai an tsinke fure wajen 150 kafin a haɗa giram ɗaya, kuma mafi yawan wanda ke duniya daga Iran yake fitowa. Turkiyya tana noma kaɗan a Safranbolu. To in ka ga leda cike da wani abu ja da ruwan ɗorawa an rubuta za'afaran Turkiyya, farashinsa kuma bai kai na shayi ba, wannan furen wani tsiro ne daban da suke kira aspir. Yana rina shinkafa, amma ba ƙamshi. Zaren za'afaran ja ne wur, bakinsa ɗaya a buɗe yake, ya fi gindin faɗi. Ka nemi a jefa zare biyu a ruwan sanyi: na gaskiya a hankali yake sakin launin ɗorawa, zaren kuma ya zauna da jansa. Wanda aka rina nan take yake jan ruwan, zaren ya koɗe. Giram ɗaya ko biyu ya ishi gida na tsawon watanni.

Na biyu garin shayin tuffa da na rumman masu launi kala-kala. Sukari ne da ɗan tsami da ƙamshin kanti. Turkawa ba shi suke sha ba. Na uku, wanda ya fi hatsari, kwalaben haɗin zuma da ake tallatawa maza da sunan ƙarin kuzari, ana kashe ido ana cewa sirrin sarakuna ne. Ma'aikatar noma ta Turkiyya takan fitar da jerin kayan abinci da aka kama da algus, kuma an sha samun irin wannan haɗin da aka zuba wa sinadarin maganin asibiti na ƙarfin maza ba tare da an rubuta a jiki ba. Mai ciwon zuciya ko hawan jini da ke kan magani, cokali ɗaya na iya kai shi gadon asibiti. Kada a saya, kada kuma a kai wa kowa tsaraba.

Ƙofar Hasirjilar ba ta da wuyar ganewa, hanci ne zai kai ka. Kana fita za ka ci karo da layin mutane a gaban tagar Kurukahveci Mehmet Efendi, masu sayar da gahawa tun 1871. Layin yana da tsawo amma yana gudu, domin samarin da ke bayan taga sun riga sun ƙulla garin a takarda, ka faɗi nauyi, ka miƙa kuɗi, a miƙo maka ƙulli da ɗuminsa. Unguwar nan da gahawa sun daɗe tare. A Tahtakale, 'yan taku kaɗan daga nan, aka buɗe gidajen shan gahawa na farko a birnin a tsakiyar shekarun 1550, wasu mutum biyu daga Halab da Dimashƙa suka buɗe. Ƙullin takarda na wanda zai sha a makon ne. Garin ya yi laushi ƙwarai, ƙamshinsa da wuri yake gudu, saboda haka mai tafiya gida ya ɗauki na gwangwani ko na leda da aka liƙe, ƙanana da yawa sun fi babba ɗaya.

Dafa ta ba wuya, amma nan ake ɓata ta. Ana amfani da ɗan tukunya mai dogon mariƙi da siririn wuya, jezbe. Kowane ƙaramin kofi, ruwan sanyi kofi ɗaya, kamar mililita 70, da gari giram 7, wato ƙaramin cokali a cike da tozo. Sukari tun farko ake sa shi, ba a ƙarawa bayan an sauke. A juya sau ɗaya, a ɗora a wuta ƙasa-ƙasa, a cire cokali. Kumfa zai taru a sama. Da ya fara tasowa a sauke, a raba kumfan a kofuna, a mayar ta ɗan sake tasowa, a zuba a hankali. In ta tafasa, kumfa ya mutu, ɗaci ya fito. In an sa ruwan zafi don sauri, garin bai samu lokacin sakin ɗanɗano ba. A bar kofin minti ɗaya ko biyu gari ya kwanta, kuma ba a shan na gindin.

Daga tagar gahawar, titin Tahmis ya bi jikin bangon kasuwar ta waje ya nufi bakin ruwa. Nan ne kasuwar abincin ta ainihi. Tsofaffi da jakar cefane mai taya, masu gidajen abinci suna saye da kilo-kilo, kowane kaya da farashinsa a rubuce a kwali da manyan lambobi. Abin da na fi lura da shi, ba kayan da ake kira da sunansa shi kaɗai, sai an haɗa da garin da ya fito. Ba a cewa cuku, sai dai farin cukun Ezine, ko tulum na Erzinjan wanda ake tsumawa a cikin fatar akuya, ko kashar na Kars. Baƙin zaitun na Gemlik ne. Zumar itacen fayin ta Mugla ce. Wanda ya iya tambayar gari, mai shago yakan canza masa fuska, ya daina nuna masa na gaba ya jawo na ciki. Ɗanɗanawa kuwa haƙƙin mai saye ne. Ka nuna cuku, a yanko maka a bakin wuƙa. Farin cukun a ruwan gishiri yake zaune, in gishirin ya yi maka yawa ka jiƙa yankan a ruwa na ɗan lokaci kafin ci.

A sama an rataye pastirma, naman shanu na Kayseri. Wanda ya zo da tunanin kilishi zai sha mamaki, domin wannan bai ga wuta ba sam. Ana cuɗe tsokar da gishiri, a danne ta da nauyi ruwan ya fita, a wanke, a shanya a iska, sannan a shafe ta da kwaɓin hulba da tafarnuwa da jan barkono, a sake shanyawa. Aikin yakan ɗauki kusan wata guda. Ana yanka shi siriri har haske na ratsawa, a ci haka, ko a soya da ƙwai, ko a jefa a wake. Giram 100 ya isa a gane ko za a so shi. Gargaɗi ɗaya: hulbar tana fitowa a gumi har washegari, wanda ke da taro ko doguwar tafiya a jirgi ya yi lissafi.

Na koma na shiga titin Hasirjilar, siriri, cike da masu turin kaya suna ihun a ba su hanya. Nan ne masu busassun kaya. Barkono kala biyu ya kamata a sani. Pul biber na Marash ja ne, an farfasa shi ba a niƙe ba, an cuɗa shi da ɗan mai da gishiri, zafinsa matsakaici, ga wanda ya saba da attaruhu ma wasa ne. Isot na Urfa kuwa kusan baƙi ne, saboda da rana ana shanya shi, da dare a ƙulle shi ya yi gumi, haka har ya rine. Zafinsa a hankali yake zuwa, yana da ɗanɗanon hayaƙi da na zabibi, ya dace da gasasshen nama. Ka ɗebi kaɗan ka murza a yatsa: mai kyau yana da ɗan danshi da sheƙi. In gishiri ne ya fara dukan harshenka kafin barkono, an cika shi don ya yi nauyi. Haka sumak, garin wani ɗan itace mai tsami da ake barbaɗawa a kan albasa. Na kirki ja ne mai duhu, wanda ya yi ja fayau a yi hattara da shi.

Ɓaure na Aydin ne. Farin garin da ke jikinsa sukarinsa ne da ya fito, ba ruɓa ba ce. Amma a tsaga ɗaya a duba ciki kafin a saya, domin tsutsa da baƙin fumfuna a ciki suke ɓuya, kuma ko a gida kowane ɗaya a buɗe shi kafin a kai baki. Kayisi, wanda Larabawa ke kira mishmish, na Malatya ne, kala biyu: mai launin lemo an turara shi da farar wuta don kada ya canza launi, mai launin ƙasa kuwa rana ce kawai ta busar da shi, ya fi zaƙi da laushi. Mai asma ya guji na farkon. Findik, wato hazelnut, ɗan itace mai ɓawo da ake ci kamar gyaɗa, na Giresun da Ordu ne a gaɓar Baƙin Teku, inda ake noma mafi yawan wanda duniya ke ci. Fustuk, wato pistachio, na Antep ƙanana ne masu tsawo, cikinsu kore shar, da su ake kayan zaƙin nan baƙlawa. Na Siirt sun fi girma, sun fi daɗin ɓarewa a ci. Duk wani mai kitse irin waɗannan a ɗanɗana, in ya bar ɗaci ko warin tsohon mai a maƙogwaro, na bara ne.

Akwai abin da ya tsayar da ni a wani shago: kuɓewa busasshiya, ƙanana ƙwarai, ba su kai gaɓar yatsa ba, an shirya su a zare an rataye tsakanin busasshen gauta da tattasai da ake cusa wa shinkafa. Tana cikin kaya mafi tsada a shagon, domin tun tana jaririya ake tsinke ta, ɗaya bayan ɗaya ake soke ta da allura. A Konya da ita ake miyar biki. Sai dai su yauƙin ne ba sa so. Suna murza ta a tsumma gashin ya fita, su tafasa ta da ruwan lemun tsami don kada ta ja, ta fito ɗai-ɗai a cikin romo.

A tsakiyar wannan titin, in ba a gaya maka ba, za ka wuce masallacin Rustem Pasha ba ka sani ba. A saman shaguna aka gina shi, ƙofarsa ƙarama ce tsakanin masu sayar da kaya, sai ka hau wani matakala mai duhu ka fito a farfajiya. Aikin Mimar Sinan ne, babban maginin Daular Usmaniyya, na farkon shekarun 1560, an lulluɓe bangonsa ciki da waje da tayil ɗin Iznik mai zanen furanni. Nan na yi azahar, ya fi Yeni Jami sauƙin cunkoso. Ana ɗaukar takalmi a leda a shiga da shi. Bayan sallama ba a watsewa nan take, ladan ne ke jan tasbihi da murya, jama'a na bi.

Abincin rana a gidan abincin 'yan kasuwa ya kamata a ci, irin wanda suke kira esnaf lokantasi, suna nan a lungunan Tahtakale. Ba a buƙatar yare. Tukwane suna jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa. Farin wake a miyar tumatir da shinkafa mai man shanu shi ne abincin kowa, ga miyar adas, ga kaza da dankali, burodi kuma yana kan tebur. A haɗa da ayran, kindirmo da aka dama da ruwa da gishiri. A je kafin ƙarfe ɗaya, domin sau ɗaya ake girki, abin da ya ƙare ya ƙare. Alamar na kirki ita ce ka ga masu shago da 'yan dako a zaune. Wanda aka tsayar da mutum a ƙofa yana jan hannunka da hotunan abinci, wuce shi.

Shayi kuwa shi zai same ka. Yaro na ratsa taro da tire mai mariƙi a sama yana lilo da shi, ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu ba ɗigon da ke zuba. Ganyen na Rize ne. Da buta biyu ake dafa shi, ɗaya a kan ɗaya: ta ƙasa ruwa, ta sama ganye, tururi ya tsuma shi minti 15 zuwa 20, sannan a zuba mai kauri a tsinka da ruwan zafi. Ba madara. In mai shago ya ba ka, karɓa bai wajabta maka saye ba. In ka ƙoshi ka kwantar da cokali a bakin kofin, in ba haka ba wani zai biyo. Da za ka tashi ka ce "Hayirli ishler", fatan alheri ne ga sana'arsa, ko ba ka sayi komai ba za a rabu da fara'a.

Lokum, alewar da kowa ke kaiwa tsaraba, na bar ta sai da na zagaya Bahcekapi, bayan Yeni Jami, inda shagon Hacı Bekir yake tun 1777. Asalinta sitaci ne da sukari da ruwa da ɗan tsami, a dafa a hankali na sa'o'i ana juyawa, a zuba a faranti ta kwana, a yanka. Ba a sa mata gelatin. Sabuwa in ka danna ta da yatsa tana dawowa, ba ta manne wa haƙori, zaƙinta kuma ba ya ƙona maƙogwaro. Wadda ta daɗe bakinta ya bushe ya yi tauri. Dogayen naɗin nan masu ado da ake jerawa a cikin kasuwa ana rantsuwa da zuma zalla aka yi su, ban ba mai ciwon sukari shawarar ya gaskata ba. A sa a yanko daga tire a gabanka. Kwalayen da aka riga aka naɗe masu araha, sau da yawa rabinsu garin sukari ne da iska.

Da la'asar na gangara bakin ruwa, gefen gadar Galata, inda hayaƙin gasa kifi ke tashi. Balik ekmek ke nan, rabin burodi da gasasshen kifi da albasa da latas, kai za ka matsa lemun tsami da gishiri da kanka. Baƙo yana ganin masu fatsa jere a kan gada sai ya ɗauka daga ruwan nan aka kamo shi. Yawanci daga Norway yake zuwa a daskare, shi ne dai titus ɗin da ke kasuwanninmu. A ci a hankali, ba a cika cire ƙaya duka ba. Kusa da wurin ana sayar da jan ruwan tsami mai gishiri da yankan kabeji da kokwamba a ciki, da shi suke kora kifin, mai gyambon ciki ya bar musu abinsu. Mai son kifin ruwan Santambul na gaskiya ya zo da kaka ko hunturu, domin daga 15 ga Afrilu zuwa 1 ga Satumba an hana manyan jiragen kamun kifi fita. Kifayen palamut da lufer da kaka suke shigowa, hamsi kuma da sanyi.

Jajayen kekunan da ke ko'ina a dandalin na masu simit ne, burodi mai siffar zobe. Ana tsoma kwaɓin a ruwan zaƙin inabi da aka tsinka, a birkiɗa shi a soyayyen riɗi, a gasa. Da wannan da tahin, wato niƙaƙƙen riɗi, da halawa, Turkiyya tana cin riɗi fiye da abin da take nomawa nesa ba kusa ba, sai ta sayo daga waje, kuma Najeriya na cikin manyan masu sayar mata, tare da Sudan da Chadi. Manomin riɗi a Jigawa ko Nasarawa yana da hannu a karin kumallon birnin nan. Simit na safe ya fi, na yamma ya riga ya yi tauri.

Saura ɗaurin kaya, inda asara ta fi yawa. Kusan kowane shago yana da na'urar zuƙe iska daga leda, kuma yawanci ba a karɓar kuɗi a kai. Barkono da sumak da findik da fustuk a sa a zuƙe su, amma a rarraba a ledoji na giram 250, domin da an buɗe leda lissafi ya fara. Lokum kada a zuƙe ta, za ta cure ta zama dunƙule ɗaya, kwali take so da garin sitaci tsakani. Zuma da tahin da ruwan rumman ruwa ne a wurin masu binciken filin jirgi, duk abin da ya wuce mililita 100 a jakar hannu za a karɓe, don haka a naɗe murfin da salatif, a sa a leda biyu, a cusa tsakiyar tufafi a babbar jaka. Saƙar zuma in ta sha matsi tsiyaya take yi, sai a roba mai tauri. Pastirma da cuku a ci su a can: ƙasashe da yawa suna hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi, kuma ko sun wuce, ba za su jure sa'o'in tafiya ba firji ba.

In an iso gida, zafinmu ne abokin gaba. Pul biber da isot saboda man da ke jikinsu, in aka bar su a kanta kusa da murhu, cikin 'yan makonni launi zai koɗe, man ya yi wari, da damina kuma su yi fumfuna. A juye su a kwalba mai murfi a sa a firji, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Ɓaure da kayisi da su findik a fara sa su a firiza kwana uku zuwa huɗu don a kashe ƙwan ƙwari, sannan a mayar firji. Inda wuta ba ta tsayawa, a sayo daidai abin da za a cinye cikin wata ɗaya, sauran nauyin jakar a cika shi da ganyen shayin Rize da kirfa da kanumfari da ba a niƙa ba, su ne ke jure zafi.